Inno a Ƙarƙashin Rumbu

Shekarata arba'in da huɗu a duniya, kuma har zuwa daminar bara ban taɓa jin sunana ya fito daga bakin uwar da ta haife ni ba. Ni ce 'yar farin Inno, ita kuwa tana cikin mutanen da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ƙannena tana kiran sunayensu har ta haɗa musu da zagi, ni kuwa “Ke” ce. In ana maganata a gabanta, “waccan.” Ranar da ta tashi cikin farin ciki, “ɗiyar mutanen ga.” Sunana Mahfuza, na faɗa da kaina tunda an bar ni da faɗa.

To in ni da na fito daga cikinta haka nake sha, sai ku ƙiyasta mijina. Shekara ashirin da biyu Armaya'u yana aurena, gidanmu da na Inno lungu biyu ne tsakani a nan Karare, amma ko gaban alƙali aka tsayar da shi ba zai iya cewa ga kamannin surukarsa ba. Ya san muryarta ta bayan labule, ya san launin mayafinta in ta hango shi ta sha kwana da sauri. Shi ma fa ba baya ba ne. In ya je gaisuwa, tun daga ƙofar zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kafa wa ƙasa ido kamar wanda ya yar da allura. Ita tana ƙuryar ɗaki, shi yana bakin zaure, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi ruwa, a tambayi awaki, kowa ya tashi yana jin daɗi bai ga ɗan'uwansa ba.

Shekara uku ke nan da gwiwoyin Inno suka yi yaji. An sha na gargajiya, an sha na asibiti, an shafa duk abin da ake shafawa, a banza. Daga ɗaki zuwa gindin darbejiyar tsakar gida, da jan gindi take zuwa. Hannuwa dai tubarkalla, shekara hamsin suna matsar ƙuliƙuli, in ta damƙe ki sai ta ga dama za ki ƙwace. Ciwon bai cika damunta ba kamar gayaunarta, 'yar gonar gyaɗar da Babanmu, Allah ya jiƙansa, ya yankar mata a bakin gari tun tana amarya. Mu ke noma mata ita yanzu. Kullum da yamma sai ta titsiye ni: an yi maimai? Gyaɗar ta rufe kunya? Ta fara fure? Na taɓa tugo mata tushe guda na kawo, ta juya shi, ta sunsuna, ta ajiye ta ce ita gona ta tambaya. Na ce to a ɗora ta a amalanken shanu a kai ta.

“Ni taki ce?” in ji ta. “A loda ni bisa amalanke gari na kallo?”

Ana nan sai ga labari daga Batsari. Akwai wata ƙungiya da ke tallafa wa tsofaffi da naƙasassu, tana raba sanduna da tabarau, a shekarar kuma ta samo keken guragu guda goma sha biyu, irin mai taya uku da ake tuƙawa da hannu, za a raba tsakanin Batsari da Safana. Da na kwatanta wa Inno shi, sai ta dubi hannuwanta, ta ce, “Shina iya rairayi?” Na ce tayoyinsa masu kauri ne. A daren ta cinye tuwonta tas.

Sai dai ƙungiyar ta taɓa shan wuya. A rabon baya wani ya rubuta kakansa da ya shekara shida a kabari, ya karɓi keke yana dakon jarkokin ruwa da shi. Saboda haka suka kafa doka uku. Dole ma'aikacinsu ya ga mutum ido da ido, dole ya ɗauki hotonsa, dole kuma ya naɗi muryarsa a waya yana faɗin abin da ke damunsa da sunan mai kula da shi. Mace ɗaya tak ke cikin ma'aikatan, ita kuma ta haihu tana wankan jego. Ma'aikacin da aka ba Karare da kewaye kuwa ba kowa ba ne illa mijina.

Ranar farko ya sa sabuwar shadda, ya ɗauki fom da biro, muka tafi. Ya durƙusa a bakin zaure, Inno tana bayan labule, aka yi gaisuwar da ta ci rabin hantsi. Da ƙyar ya iso kan aiki.

“Inna, ya ƙarfin jiki?”

“Lahiya lau.”

“Ya ƙafafun?”

“Alhamdu lillahi, da sauƙi sosai.”

“Ana dai ɗan takawa ko?”

“Ana takawa, mun gode Allah.”

Ina tsaye ina kallonsa ya duƙa ya rubuta. Na leƙa takardar, sai na ga ya sa: lafiya lau, tana takawa. Na ja shi waje, na ce, “Malam, me ka rubuta haka? Matar da ka san shekara uku ba ta miƙe ba?”

“To ni in ƙaryata Inna?” ya ce, yana zare ido. “Ta ce da sauƙi, ni in rubuta babu sauƙi? Da wane hannun?”

“To hoton fa?”

Ya koma, ya juya wa ɗakin baya, ya ɗaga waya ta saman kafaɗa, ya rufe ido, ya danna sau biyar. Da muka duba a gida, hotuna biyu na sararin sama ne, ɗaya na turmi, ɗaya kunnensa. Na biyar ya fito ras, akuyar Inno ce tana kallon waya tana tuƙa.

A ofis aka yi masa dariya har da riƙe ciki, sannan aka tuna cewa ai ma doka ba ta yarda ɗan'uwa ya tantance ɗan'uwa shi kaɗai ba. Aka haɗa shi da ma'aikacin ɓangaren Safana, wani dogon mutum daga Babban Duhu mai suna Malam Tayyib. Shi ne wanda ya kama mai dakon ruwan nan, tun daga lokacin kuma bai ƙara yarda da kowa ba. Ko makaho aka kawo masa sai ya kai masa hannu ido ba zato ya ga ko zai ƙifta.

Na zauna na ƙulla dabara. Na san da hantsi Inno tana gindin darbejiya tana ɓarar gyaɗa, babu mayafi kusa, ɗaki kuma da nisa. Na ce wa Armaya'u ya kashe babur tun daga bakin masallaci, su tako a ƙasa, su faɗo gidan kawai. Malam Tayyib zai ga halin da take ciki, a ɗauki hoto kafin ta farga, in ya so ta yi fushi da ni wata guda. Ya ce to. Na nanata masa sau uku, ya ce ai ya ji.

Babur kam ya kashe. Amma da ya iso ƙofar gida sai ƙafafunsa suka tsaya da kansu. Ya tuɓe takalmi. Ya yi gyaran murya, irin tasa da ko kajin unguwa sun sani. Ya yi sallama, ya jira, ya sake, ya jira, ya cika ta uku. Ina daga madafa na ji wani fuuu a tsakar gida, kaji suka watse suna kuka. Ko da na fito, tabarma ce kawai da ƙwaryar gyaɗa tana juyi a ƙasa.

Malam Tayyib ya shigo, ya dubi tabarma, ya taɓa ta ya ji da ɗumi. Ya bi sawun da ke cikin rairayi da ido, har zuwa rumbun gero da ke can kusurwar gida. Rumbun a kan duwatsu yake, ƙarƙashinsa akwai 'yar tazarar da kaji ke shan inuwa. Daga nan ne tafin ƙafa biyu suka leƙo, da lalle a jikinsu. Ya koma bakin tabarma, ya taka yana ƙirgawa a fili har rumbun.

“Taku goma sha bakwai,” ya ce. “Tsakanin sallama ta farko da ta uku. Malam Armaya'u, wannan ce ba ta iya motsi?”

Mijina yana durƙushe a bakin zaure, kansa a ƙasa. Maimakon ya ba da amsa, sai ya juya wajen rumbu ya ce, “Inna, ina kwana? Kun tashi lafiya?”

“Lahiya lau,” in ji rumbu. “An zo lahiya? Ya mutanen Batsari?”

“Ya ƙafafun?”

“Da sauƙi.”

Malam Tayyib ya ninke fom ɗinsa ya sa a aljihu. Ya ce shi a aikinsa ya ga gurgun da ya miƙe da ya ji an ce maciji, amma bai taɓa ganin wanda ya riga kaza shiga ƙarƙashin rumbu ba. Ya ce wannan baiwar Allah ba keke take buƙata ba, birki take buƙata.

Bayan sun tafi, sai da muka taru mu uku da matan maƙwabta kafin muka jawo ta ta ƙafa, kanta duk gashin kaza. Matan suna dariya har da hawaye, ni ma na fara, sai na ga gwiwar hannunta ta sale, gwiwoyin ƙafa sun kumbura sun yi suntum. Mirginawa ta yi tun daga tabarma. Kwana biyu ko gindin darbejiya ba ta iya zuwa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, da ita, da mijina, da duk wanda ya fara ƙirƙiro wannan kunya.

Ran Asabar na je ina gasa mata gwiwa da ruwan zafi, na ce, “Inno, jibi Litinin ake rufe sunaye. Malam ya roƙi mutumin Safana, ya yarda zai dawo sau ɗaya. In kika sake cewa da sauƙi, shi ke nan, keke ya tafi Yasore ko wani wuri.”

“To mi kike so in ce ma mijin ɗiyata? In buɗe baki in yi mai raki?”

“Gaskiya za ki faɗa.”

“Ke ba ki da kunya, shi ya sa.”

“Na ji ba ni da ita. Gyaɗarki ta yi fure tun shekaranjiya, gonar duk ta yi rawaya. Ni na gani, akuyarki ma ta gani da ta tsinke. Ke kaɗai ce ba ki gani ba.”

Ta kau da kai wajen bango. Na kwashe ruwan na fita.

Ran Litinin na shirya wurin da kaina. Na shimfiɗa wa Inno tabarma a tsakar gida tana fuskantar katangar gabas, ta lulluɓa da mayafi biyu. Na ajiye wa Armaya'u kujera 'yar tsuguno a bayanta yana fuskantar yamma. Malam Tayyib ya tsaya a tsakiya da waya a hannu, ni kuma na tsaya tsakanin Inno da rumbu, don ban yarda da ita ba. Aka tsara cewa Armaya'u zai yi tambaya ga Malam Tayyib, shi ya faɗa mini, ni in faɗa wa Inno, duk da cewa kowa na jin numfashin kowa.

“A tambayi Inna ya ƙafa,” in ji mijina, yana yi wa katanga magana.

“Wai ya ƙafa,” in ji Malam Tayyib.

“Inno, wai ya ƙafa.”

Mayafi ya motsa. Sannan a hankali: “Alhamdu lillahi. Da sauƙi.”

Na ji kamar in kurma ihu. Malam Tayyib ya girgiza kai, ya ce shi abin da baki ya faɗa yake rubutawa. Amma da yake mutum ne mai son ya tabbatar, sai ya ce, “To Baba, tunda da sauƙi, a ɗan miƙe tsaye in gani, sai mu tafi.”

Baƙo ya roƙi abu a gidanta, Inno kuwa ba ta taɓa hana baƙo komai ba. Kafin in ce kada, ta dafa katanga da hannuwan nan nata masu ƙarfi, ta ja jikinta sama. Ta kai rabi. Na ga gwiwoyin suna karkarwa, sannan suka saki gaba ɗaya, ta taho da baya, kanta ya nufi turmi.

Har yau ban san yadda mutumin da ke kallon yamma ya ga abin da ke faruwa a gabas ba. Kujera ta yi gefe, hula ta yi gefe, sai ga Armaya'u ya tare ta a hannu biyu kafin ta kai ƙasa. Mayafan suka zame. Shi ya runtse ido gam, ita ta runtse ido gam, suka sandare a haka, suruki rungume da suruka a tsakiyar gida da rana tsaka.

“Inna, sannu,” ya ce, ido a rufe. “Ku gafarce ni.”

“An gode,” ta ce, ido a rufe. “Ya aiki?”

“Malam Armaya'u, ai muharramarka ce,” in ji Malam Tayyib. “Buɗe idonka kada ku faɗi ku biyu.”

“Na san abin da littafi ya ce,” in ji mijina. “Idon ne bai sani ba.”

Malam Tayyib ya ɗaga waya ya ɗauki hoto, kuma shi ne hoton da ke manne a fom ɗin Inno har gobe. Na taimaka muka zaunar da ita. Armaya'u ya lalubo kujerarsa ya koma kallon yamma, gumi na zuba masa. Inno ba ta mayar da mayafin ba. Ta zauna tana haki, tana kallon gwiwoyinta, can sai ta yi magana ba tare da an bi ta kaina ba.

“Yaro, kunna abin naka.” Malam Tayyib ya kunna. “Babu sauƙi. Ƙarya nike. Ƙahwahun ga sun mutu, ko bayan gida da jan jiki nike zuwa. Damina ukku ban ga gonata ba, kuma ina son in gan ta kahin a cire gyaɗa. Ka rubuta hakanan.”

Muryar Malam Tayyib ta sauka. Ya ce ya rubuta, saura tambaya ɗaya. “Wa ke kula da ke, Baba?”

“Waccan.”

“Waya ba ta ganin waccan. Suna ake so.”

“Ɗiyar mutanen ga.”

“Waɗanne mutane?”

“Matar wanga.”

“Wanga wa?”

Nan fa aka zo wurin. Sunan suruki ba ya faɗuwa, sunan 'yar fari ba ya faɗuwa. Na ce, “Malam, bari ni in faɗa mana.” Ya ce a'a, mai dakon ruwa ma shi ya yi magana a madadin kakansa. Inno ta dubi rumbu, na gyara tsayuwa na tare hanya. Ta dubi sama, ta dubi ƙasa, ta tsinci ɓawon gyaɗa ta murƙushe shi. Sannan ta sunkuyar da kai, ta faɗa da 'yar ƙaramar murya, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai.

“Mahfuza. Mahfuza ke kula da ni.”

Ban san haka sunan yake da daɗi ba. Na juya na ce hayaƙin madafa ne ya shiga mini ido, alhali ko wuta ba a hura ba. Can wajen katangar yamma na ji mijina yana jan hanci shi ma.

Bayan kwana tara aka kawo keken a bayan a-kori-kura, shuɗi, da ƙararrawa. Aka nuna wa Inno yadda ake juya hannun da inda birki yake, ta ce ta gane, ashe rabin farko kawai ta saurara. Hannun da ya shekara hamsin yana matsar ƙuliƙuli ya kama abin tuƙi, sai gani na yi ta fice daga lungu, ina bin ta da gudu da zani a hannu ina kiran birki, birki. Mai shayi ya janye bencinsa. Armaya'u da ke tahowa daga masallaci ya hango ta, ya faɗa zauren wasu mutane don ya ba ta hanya, ita kuma ta ja mayafi ta rufe fuska ba tare da ta rage gudu ba. Allah ne kaɗai ya kiyaye, da rairayin bakin gari da ya riƙe tayoyin.

Na iske ta a bakin gayauna ta tsaya. Furen ya kusa ƙarewa, amma da saura, ɗigo-ɗigon rawaya cikin kore har zuwa gindin kukar da ke iyaka. Ta daɗe tana kallo. Ta miƙa hannu ta shafa ganyen da ke kusa da taya, ta goge ido da bakin mayafi. Sannan ta gyara murya.

“Ke! Wa ya yi kunyoyin ga a karkace haka?”

Na koma “Ke” tun daga ranar, ba ta sake faɗa ba, ni ma ban nema ba. Amma kafin Malam Tayyib ya koma Safana na roƙe shi ya turo mini abin da ya naɗa, na yanke daidai wurin. Daƙiƙa huɗu ne. Ina tsaye a bayan keken tana ta faɗa a kan ciyawar da muka bari, na zaro waya a hankali, na rage murya, na kara a kunne.